Daga Ayr zuwa gadar Doon: auna waƙar Burns da kunne

Daga Gilasgo zuwa Ayr tafiyar kusan sa'a guda ce a jirgin ƙasa. Ana nufar kudu maso yamma, a gangaro bakin teku, a wuce Troon da Prestwick. Daga Ayr zuwa ƙauyen Alloway kuwa kimanin kilomita uku ne ta kudu. Akwai bas, amma ƙafa na zaɓa, domin sawun wani mahayi na cikin waƙa na zo bi, in ga yadda ƙasar ta zauna da ɗangwayen da aka yi mata. Waƙar ita ce "Tam o' Shanter" ta Robert Burns, mawaƙin ƙasar Sikotlan, ya rubuta ta a 1790, ɗango 224. Labarin wani manomi ne mai suna Tam da ya yi dare a mashaya ranar kasuwar Ayr, ya hau goɗiyarsa Meg (ko Maggie) cikin hadari, ya tarar da mayu suna rawa a kangon coci, suka biyo shi har bakin gada.

Kafin a ɗauki ma'auni, a san harshen da za a auna. Sikotlan tana da Gelik, wanda ya fi ƙarfi a tsibirai da tsaunukan arewa maso yamma, kuma ba dangin Turanci na kusa ba ne. Scots daban yake: shi da Turancin Ingila uwa ɗaya uba ɗaya ne, a hanya suka rabu. A ƙidayar 2011 mutum kusan miliyan ɗaya da rabi suka ce suna iya magana da shi. Har gobe ana gardama ko harshe ne mai cin gashin kansa ko karin harshe. Burns dai karin harshe ya kira shi a bangon littafinsa na farko, wanda John Wilson ya buga a Kilmarnock a 1786, kwafi 612. Wannan kusanci shi ne tarkon mai nazari. Da ƙa'idar rubutun Ingila Burns ya yi makaranta, saboda haka kalmomi da yawa ya rubuta su da harufan Turanci alhali da Scots bakinsa ke furta su. Wanda ya auna da ido zai riƙa tsintar karaya inda babu ita.

Na fara daga High Street a cikin Ayr, inda wata tsohuwar mashaya mai rufin ciyawa ke ɗauke da sunan Tam, kuma mutanen gari suna cewa daga nan ya tashi. Waƙar ta buɗe da yammacin ranar kasuwa, 'yan koli suna watsewa, maƙwabta masu ƙishi suna cin karo da juna:

When chapman billies leave the street,
And drouthy neebors, neebors meet,

Wanda ya taso da rubutacciyar waƙar Hausa, da ya ji an ce kari sai hannunsa ya tafi ga aruli: ya yanka ɗango gaɓa-gaɓa, ya ware mai nauyi da marar nauyi, ya nemi ƙafafuwa. A nan wannan ma'auni ba ya ci. Tsawon wasali ko rufewar gaɓa da baƙi ba sa ba ta matsayi; gaɓar da murya ta danna ita ake ƙirgawa. "When" da "and" rufaffun gaɓoɓi ne, a arulinmu masu nauyi, amma a ɗangwayen nan murya tsallake su take yi. Yadda ake yi shi ne a karanta a fili, a riƙa buga yatsa a tebur duk inda murya ta danna, sannan a rubuta waɗannan gaɓoɓi da manyan baƙaƙe:

when CHAP-man BIL-lies LEAVE the STREET
and DROU-thy NEE-bors NEE-bors MEET

Gaɓa takwas, bugu huɗu, kowane bugu da gaɓa mai rauni a gabansa. Kamar daka ne, saukar taɓarya ake ƙirgawa, ba ɗagawarta ba. A kan wannan kari waƙar ta tafi tun daga farko har ƙarshe.

Amsa-amon ma ba irin namu ba ne. Mu gaɓar ƙarshe ta wadatar, kuma sau da yawa amo ɗaya ne zai ratsa waƙa baki ɗaya a matsayin babban amsa-amo. Su kuwa daga wasalin bugun ƙarshe yake farawa ya tafi har ƙarshen ɗango, baƙin da ya gabaci wasalin kuma sai ya bambanta: street, meet. Ɗangwaye biyu-biyu ke amsa wa juna, ana gama biyun a canja amo.

Ba a yi nisa ba za a ci karo da ɗangon da ya ƙi lissafi, inda ake siffanta matar gida zaune tana haɗa girar sama da ta ƙasa, tana renon fushinta kada ya huce:

Gathering her brows like gathering storm,
Nursing her wrath to keep it warm.

Ido zai ƙirga gaɓa goma a ɗangon farko. Baki takwas yake furtawa, domin wasalin tsakiyar "gathering" haɗiye shi ake yi duka sau biyun. Sannan ɗangwayen biyu da bugu suka fara: GATH-ring her BROWS, NURS-ing her WRATH. An juya ƙafar farko, abin da ƙa'idarsu ta yarda da shi kamar yadda aruli ya yarda da zihafi, wato ɗan sauyi a cikin ƙafa. Kuskuren da masu koyo suka fi yi a nan shi ne su tilasta wa kalma bugun da ba nata ba don lissafi ya fita, su ce nurs-ING. Kalma ba ta barin bugunta saboda kari. Idan suka saɓa, a rubuta saɓanin, a tambayi me ya jawo shi. A nan fushin ne ya shigo gaba, sau biyu a jere, bai jira gaɓar sallama ba.

Faɗan Kate, matar Tam, shi ne wuri mafi sauƙi na ganin yadda kari da amsa-amo da maimaici ke aiki tare:

She tauld thee weel thou was a skellum,
A blethering, blustering, drunken blellum;
That frae November till October,
Ae market-day thou was nae sober;

Tana kiransa shashasha mai surutun banza, wanda daga Nuwamba zuwa Oktoba babu ranar kasuwa ɗaya da ya dawo cikin hayyacinsa. A lura, kowane ɗango ya sami rarar gaɓa mai rauni bayan bugu na huɗu, ya zama gaɓa tara, amsa-amon kuma ya zama mai gaɓa biyu. Sau biyar a jere aka yi haka: skellum da blellum, October da sober, miller da siller, shoe on da fou on, Sunday da Monday. Rarar gaɓar nan tana hana ɗango rufuwa, sai ya zubo cikin na gaba, ga kuma "That" da ta buɗe tuhuma huɗu ɗaya bayan ɗaya. Mai karatu ba ya samun wurin shan iska, kamar yadda Tam bai samu ba. Da ta gama lissafin laifi ta koma duba, cewa za a tsince shi ya nutse a kogin Doon, rarar ta ɓace, ɗangwaye suka rufe ƙam:

She prophesied that late or soon,
Thou would be found deep drown'd in Doon;

Idan aka furta "drown'd" yadda mutanen Ayrshire, yankin da Ayr take, ke yi, da dogon u, sai ya zama "druund in Duun". Akwai amo a cikin ɗangon wanda harufa suka ɓoye.

Na kama hanyar kudu. Waƙar ta yi kukan tsawon mil ɗin Sikotlan, kuma da gaskiyarta: tsohon mil ɗinsu kusan kilomita 1.8 ne, na Ingila 1.6. Titin yanzu ba shi Tam ya bi ba. Tsohuwar hanyar ta fi karkata yamma, gidaje da filin golf na Belleisle sun cinye mafi yawanta. Duk da haka jerin wuraren yana nan a waƙar, kuma a nan maimaici ya zama ma'aunin tafiya. Da farko "Whiles" sau uku a goshin ɗango: wani sa'in ya riƙe hula, wani sa'in ya yi ɗan waƙe-waƙe, wani sa'in ya waiga. Sannan wannan:

By this time he was cross the ford,
Whare in the snaw the chapman smoor'd;
And past the birks and meikle stane,
Whare drunken Charlie brak's neck-bane;

Zubin ɗaya ne har sau huɗu: ɗangon farko ya ambaci alama a hanya, na biyu ya fara da "Whare" ya faɗi wanda ya mutu a wurin. Mashigi, inda ƙanƙara ta binne ɗan koli. Babban dutse, inda mashayi ya karya wuya. Tarin duwatsu, inda maharba suka tsinci gawar yaro. Ƙaya kusa da rijiya, inda wata ta rataye kanta. Kafin na uku kunne ya riga ya koyi zubin, yana jin "And" sai ya fara jiran gawa. Shi ya sa ba ya isa a ce "akwai maimaici" a wuce. Sai an faɗi abin da aka maimaita, a wane gurbi na ɗango, sau nawa, da inda aka yanke shi. A nan an yanke shi daidai inda kogin Doon ya bayyana a gaban Tam.

Dubi kuma "ford" da "smoor'd". Da bakin Ingila ba su haɗu ba. Amsa-amon ne ke ba da shaida cewa "fuurd" ake cewa. Wannan ita ce babbar dabarar aikin: a duk ƙwar biyu, a nemi kalmar da ba ta da furuci sai ɗaya, ita za ta nuna yadda ake furta 'yar'uwarta. Amma shaidar tana da iyaka. Inda ya haɗa "night" da "right", ko an faɗe su da Turanci ko an ce "nicht" da "richt" da sautin maƙogwaro, duka sun amsa, amsa-amo ba zai raba gardama ba. A irin wannan wuri sai a dubi kalmomin da ke kewaye: idan Scots ne zalla, a bi su.

Gidan da aka haifi Burns yana bakin titi a Alloway, dogo ne mara tsayi, farin fenti da rufin ciyawa. Mahaifinsa William Burnes ne ya gina shi da yumɓu a 1757, ɗakin girki da ɗakin zama da turken shanu da rumbu duk ƙarƙashin rufi ɗaya. A nan aka haife shi ranar 25 ga Janairu 1759, ya zauna har 1766. Murya biyu ya tashi da su a gidan: Betty Davidson, wata dattijuwa mai dangantaka da mahaifiyarsa, mai tatsuniyoyin mayu da fatalwa, da malaminsa John Murdoch, mai nahawun Turanci. Duka biyun suna cikin waƙar. Ana tsakiyar shagalin mashaya sai ga ɗango takwas na tsantsar Turancin littafi, ana kamanta jin daɗi da fure, da ƙanƙarar da ta faɗa kogi, da hasken sararin arewa, da bakan gizo, "Or like" sau uku. Kamance huɗu kan magana ɗaya sun yi yawa, kuma a ganina da gangan ne: mai ba da labari ya sa rigar wa'azi yana jan lokaci, sai kwatsam ya tuɓe ta da "Nae man can tether time or tide". Wanda ya karanta waɗannan takwas da kaurin Scots ya ɓata wasan, haka ma wanda ya karanta sauran da Turancin makaranta.

Daga gidan akwai 'yar hanyar ƙafa da ta kai gidan tarihin Burns da ƙungiyar adana kayan tarihi ta National Trust for Scotland ta buɗe a 2010, a gefenta ga mutum-mutumin wani ƙaton ɓera a tsaye. A ciki akwai rubuce-rubucen hannun Burns da wuraren sauraro. Mai son awo ya fara da sauraron, takardun su biyo baya.

Kangon cocin Alloway ƙarami ne ƙwarai, babu rufi, kabarin William Burnes yana daf da ƙofar shiga. Wannan kabari ne silar waƙar. Burns ya roƙi Francis Grose ya sa zanen cocin a littafinsa na tsoffin gine-ginen Sikotlan, Grose ya yarda bisa sharaɗin a ba shi labarin mayu da zai raka zanen, aka buga su tare a 1791. Na tsaya ta tagar ina duban cikin, wurin da da ƙyar zai ɗauki rawar mutum ashirin, na karanta:

The piper loud and louder blew,
The dancers quick and quicker flew;
They reel'd, they set, they cross'd, they cleekit,
Till ilka carlin swat and reekit,

Kowa ya ji ɗangwayen nan zai ce kari ya ƙara sauri. A ƙirga: bugu huɗu ne, bai ƙaru ba bai ragu ba. Saurin daga wani wuri ya zo. Ɗangwaye biyun farko jerin sarƙe ne, kalma bisa kalma, kowanne da siffa da ƙarinta, "loud and louder", "quick and quicker". Na uku an datsa shi gida huɗu, kowace ƙafa jimla ce cikakkiya mai "they" da aikatau, kuma aikatan nan sunayen takun rawar Sikotlan ne. Iyakar ƙafa da iyakar jimla sun faɗa wuri ɗaya, shi ne ake jin dirin ƙafafu. Ya kamata mai nazari ya raba biyun a rubutunsa: kari abu ne da ake ƙirgawa, sauri kuwa daga ginin jimla da tsawon kalmomi yake fitowa.

Daga ƙofar cocin zuwa tsohuwar gada, Burns da kansa ya ce a wasiƙarsa ga Grose yadi ɗari biyu ne zuwa uku. Na taka shi cikin 'yan mintoci, gangare ne. Doki a guje ba zai yi rabin minti ba. Amma daga inda Tam ya yi ihun "Weel done, Cutty-sark!" yana yabon rawar wata mayya mai gajeriyar riga, a ɗango na 189, zuwa inda wutsiyar Meg ta tsinke a na 218, ɗango talatin ne cif, kuma kaso mai yawa a cikinsu jinkiri ne. Shida sun tafi a kamance uku masu farawa da "As": kamar ƙudan zuma da aka taɓa wa gida, kamar karnuka sun ga zomo, kamar 'yan kasuwa an yi ihun ɓarawo. Jimlar ba ta sauka ba sai a "So Maggie runs". Sannan mai labari ya tsaya yana yi wa Tam jaje, ɗango huɗu, da rarar gaɓar nan ta ba'a ta dawo:

In vain thy Kate awaits thy comin!
Kate soon will be a woefu' woman!

"Comin" da "woman" sai an ce "wumman" suke haɗuwa. Da gudun ya koma gaske, rarar ta faɗi, aka sake juya ƙafar farko a inda mayya Nannie ta cim ma goɗiyar: HARD up-on NO-ble MAG-gie PREST. Gaɓa biyu masu rauni a jere bayan bugun farko, su ne tsallen.

Gadar ta ƙarni na 15 ce, baka guda mai tsayi, an shimfiɗe ta da duwatsu, hawanta da ɗan wuya. Sai da na tsaya a ƙololuwarta na ga dalilin da ya sa waƙar ta nace wa "key-stane", dutsen tsakiya da ke riƙe bakan gini. A camfinsu mayu ba sa wuce tsakiyar ruwa mai gudu, don haka wannan dutse shi ne iyaka. Kalmar ta zo a ɗango na 206 da na 209. Amma ta riga ta zo tun a na 69, inda aka kira tsakar dare dutsen tsakiyar baƙin bakan dare, sa'ar da Tam ya hau doki. Tsakanin zuwan farko da na biyu ɗango 137 ne. Irin wannan maimaici na nesa kunne ba ya kama shi a karatun farko. Sai an bi waƙar da fensir, ana ja wa duk baƙuwar kalma layi, a ga wadda ta dawo.

Daga Ayr na hau bas zuwa Mauchline, kimanin kilomita 18 ta gabas, saboda wani zubin baiti da "Tam o' Shanter" ba ta da shi. A wajen garin gonar Mossgiel take, wadda Burns da ƙanensa Gilbert suka karɓa haya, suka koma cikinta a 1784. Tudu ce mai iska, ƙasar yumɓu ce mai riƙe ruwa, har yanzu ana kiwon shanun madara a cikinta, saboda haka daga bakin hanya ake kallo. A nan, cikin Nuwamba 1785, garmarsa ta tone sheƙar ɓera, ya yi "To a Mouse", baiti takwas:

Wee, sleekit, cow'rin, tim'rous beastie,
O, what a panic's in thy breastie!
Thou need na start awa sae hasty,
Wi' bickering brattle!
I wad be laith to rin an' chase thee,
Wi' murd'ring pattle!

Yana lallashin ɗan ƙaramin abin da ke makyarkyata, kada ya zabura da gudu, ba zai bi shi da 'yar shebur ɗin kankare garma ba. Baitin ƙwar shida ne. Ɗango na 1, 2, 3 da 5 bugu huɗu-huɗu, amo ɗaya. Na 4 da na 6 bugu biyu-biyu, wani amon. Sunan zubin Standard Habbie, daga marsiyyar da Robert Sempill na Beltrees ya yi wajen 1640 ga Habbie Simpson, mabushin algaita mai salka na garin Kilbarchan. Mawaƙi Allan Ramsay ne ya raɗa masa sunan, mawaƙi Robert Fergusson ya gyara shi, Burns ya gada daga gare su har yau wasu ke kiransa baitin Burns.

Bahaushe zai so ya kira amon dogayen ɗangwaye ƙaramin amsa-amo, na gajerun kuma babba, kamar a ƙwar biyar. Ba haka ba ne, domin amon gajerun ma canjawa yake a kowane baiti. Asirin zubin yana ɗango na biyar. Uku sun tara magana, na huɗu ya datse ta, kunne ya ɗauka an gama, sai na biyar ya komo da amon farko ya sake buɗe zancen, na shida ya rufe. Gajerun nan biyu su ne mazaunin duka, ko na dariya ko na tausayi, kuma daga gare su ya kamata a fara nazarin kowane baiti.

A baitin nan akwai alamar ɗauke harafi iri biyu, kuma rikita su yana ɓata lissafi. Ta cikin "wi'" da "an'" ba ta rage gaɓa ko ɗaya. Masu ɗab'i ne ke nuna wai an yar da harafin Turanci, alhali kalmar Scots ɗin dama haka take, shi ya sa marubutan Scots na yanzu da yawa suka daina sa ta. Ta cikin "cow'rin", "tim'rous" da "murd'ring" kuwa umarni ce: a haɗiye gaɓa. "Bickering" ba ta da alama, amma sai an haɗiye, domin ɗango na huɗu da na shida tagwaye ne, gaɓa biyar-biyar, duka da "Wi'" suka fara. A kuma duba bugun da ke hannu, don harufan sun bambanta: na Kilmarnock "sleeket, cowran" ya rubuta.

Sai gardamar da ta fi kowace: beastie, breastie, hasty, chase thee. Yawancin masu karantawa a yau da dogon i suke faɗin biyun farko, sai baitin ya rabu, biyu nan biyu can. Zubin kuwa amo ɗaya yake nema, kuma a wasu sassan Sikotlan da arewacin Ailan ana furta "beast" da wasalin "hasty". Ni na fi karkata ga wannan, domin da shi ne ɗango na biyar ke komowa gida. Wanda ya zaɓi ɗayan bai yi laifi ba, muddin ya faɗi furucin da ya ɗauka kafin ya yanke hukunci a kan amsa-amon.

Sauran baitocin sun fi sauƙin sha'ani. A na huɗu "ruin", "strewin" da "ensuin" sun nuna cewa "new ane" "new yin" ne, yadda ake faɗa a yammacin ƙasar. A na shida "stibble", "nibble" da "dribble" sun kewaye "trouble", uku a kan ɗaya, sai a ce "tribble". A na bakwai, mai ɗangon nan da duniya ta haddace na shirin ɓeraye da mutane, "agley" ta haɗu da "joy", wanda ke nuna wasalin "joy" ya matso wajen "ai". Ba kowane ne ke daidaita ba: "Men" a tsakanin "lane", "vain" da "pain" kusa ne kawai, kuma gara a rubuta shi a matsayin amsa-amo na kusa da a murɗe kalmar. Baiti na biyu kuwa kusan duka Turanci ne, "dominion", "union", "opinion", "companion", manyan kalmomin masu falsafar zamaninsa, sai na uku ya dawo gona da "a daimen icker in a thrave", zangarniya ɗaya jefi-jefi a cikin dami ashirin da huɗu.

A baiti na biyar akwai karangiya da aka ɗora a kan kari: till CRASH the CRU-el COUL-ter PAST. Bugu uku na farko duk da sautin k suka fara, su ne wuƙar garma tana shiga ƙasa. Maimaita baƙi ba ya zama abin magana sai ya faɗa a kan bugu kamar haka. Wanda ya faɗa a gaɓoɓi masu rauni yawanci katari ne.

Abin da ya fi ba ni sha'awa sai da na jera ƙarshen ɗangwaye 48 ɗin a takarda ɗaya ya fito. Baiti na ɗaya da na biyu duk ɗangwayensu da rarar gaɓa suke. Na uku da na biyar babu. Na huɗu da na shida dogayen ne kawai ke da ita. Na bakwai da na takwas babu ko ɗaya. Ɗafa-ƙeyar ƙanƙantarwa ta "-ie", wadda ta ba da beastie, breastie, housie da Mousie, ita ma daga ɗangon farko na baiti na bakwai ba ta sake zuwa ba. Wakilin suna ya bi sahu: "thou" da "thy" ne suka cika waƙar, a na bakwai "us" ta shigo, a na takwas "I" ta zo sau uku, ga "me" ga "my". Wato muryar lallashi tana janyewa a hankali, kuma ana iya nuna janyewar da lissafi. Baitin ƙarshe gaɓoɓinsa 8, 8, 8, 4, 8, 4 ne daidai, amonsa "me", "thee", "e'e", "see", wanda kalmar Scots ta ido ce ta riƙe shi, in an mai da ita Turanci ya karye. Ɗangon rufewa, "I guess an' fear", kalma huɗu ce masu gaɓa ɗaiɗai, bugun biyu kuma a kan aikatan biyu suka sauka.